IDAN MAGANI YA ZAMA CUTA: WA ZA A KAMA, INA ZA A KAI KUKA?

(Wannan jawabi ne da wani ɗan uwanmu lauya ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a nan Suleja. Mun buga shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, saboda waɗanda ba su sami halarta ba.)



Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi, iyayenmu mata da ke zaune a can baya, 'yan uwana Kanawa da Katsinawa da Zage-zagi da Sakkwatawa da duk wanda neman abinci ya kawo shi gindin Dutsen Zuma, ina yi muku barka da yamma. An ba ni minti 40, kuma an san halin lauya da dogon bayani, saboda haka in na zarce, ranka ya daɗe shugaba, a ja mini riga.

Abin da ya sa na zaɓi wannan magana wani maƙwabcina ne, mai sayar da shayi, wanda ba zan faɗi sunansa ba. 'Yarsa mai shekara uku ta yi zazzaɓi da dare, ya ɗauke ta ya kai wani kemis, yaron kantin ya yi mata allura a ɗuwawu. Da gari ya waye zazzaɓi ya sauka, amma yarinya tana jan ƙafa. Har yau tana ja. Allurar ta sami babbar jijiyar da ta gangara daga ƙugu zuwa ƙafa, abin da duk wanda ya koyi aikin jinya aka gargaɗe shi a kai tun yana aji. Bai zo wurina ba sai bayan shekara biyu, da ya ga kuɗin gashi sun cinye masa jari. Na tambaye shi takarda, babu. Kwalbar allurar fa? An share ta da shara tun a daren. Wa ya gani? Shi da Allah. Mai kemis kuwa ya tashi, an sa mai gyaran waya a shagon. Na ce masa, Malam, me ya hana ka yin magana tun a lokacin? Ya ce da ni abu biyu. Na farko, ƙaddara ce. Na biyu, shi baƙo ne, ba ya son a ce Bakano ya zo garin mutane yana neman fitina.

To, waɗannan amsoshi biyu su ne suka kawo ni gabanku yau.

Maganar ƙaddara, malamai suna nan, su gyara mini in na kuskure. Babu mai musun ƙaddara a cikinmu. Amma direban da ya yi ganganci ya banke yaro a hanyar Madalla, ai ba ma cewa ƙaddara ce a sallame shi ya tafi. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan lamunin mai magani. Ibnu Rushdi ya kawo mas'alar a cikin Bidayatul Mujtahid, inda ya nuna cewa likita masani in ya yi kuskure ya jawo hasarar rai ko gaɓa akwai diyya, wanda kuma ya shiga aikin ba da sani ba, nasa ya fi tsanani. Watau tun kafin Bature ya zo da kotunsa, mun san da wannan. Wanda ya ga dama ya yafe, ladansa yana wurin Allah. Amma yafiya sai abin da ka san naka ne. Mutumin da ya yi shiru don bai san yana da hakki ba, ko don tsoro, wannan ba yafewa ya yi ba, cin hakkin yarinyar ya taya yi.

Maganar baƙunta kuwa gajera ce. Dokar ƙasa ba ta tambayar takardar asalinka kafin ta saurari kukanka. Babbar Kotun Jihar Neja tana zama a nan Suleja, kuma ƙofar da ɗan gari yake shiga ita ce ƙofar da kai ma za ka shiga.

Sai dai kada wani ya tashi daga nan ya ce lauya ya ce duk wanda ya sha magani bai warke ba ya kai ƙara. A'a. Likita ba ya ɗaukar alkawarin warkarwa, kuma doka ba ta ɗora masa ba. Akwai illar da magani yake yi ko da an ba da shi daidai, kamar ƙaiƙayin kulorakwin da yawancinmu muka sha fama da shi a da. Wannan ba sakaci ba ne. Sakaci shi ne a rubuta maka wani magani a ba ka wani, ko a ba jariri awon babba, ko a yi allurar da ya kamata ta tafi a hankali cikin ƙarin ruwa a tura ta gaba ɗaya, ko ka faɗa da bakinka cewa jikinka ba ya karɓar magani mai salfa, an ma rubuta a katinka, amma a sake ba ka, fata ta saɓule kamar wanda ya ƙone. Haka nan ba mai ciki abin da aka san yana taɓa ɗan tayi ba tare da an tambaye ta ba, da kuma sayar da maganin da wa'adinsa ya ƙare. Abin ba a nan kaɗai yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, sa'ad da ta ƙaddamar da yaƙi da wannan matsala a 2017, ta ƙiyasta cewa kurakuran magani suna ci wa duniya dala biliyan 42 a kowace shekara.

Bari in koma gida, Kano, domin babu shari'ar magani da ta fi wannan girma a ƙasar Hausa, kuma na san a cikin zauren nan akwai waɗanda suke can lokacin.

A 1996 aka yi annobar sanƙarau wadda ta kashe kusan mutum 12,000 a Nijeriya, galibi a Arewa. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda kowa ya sani da IDH, ya cika ya batse, likitocin agaji na ƙungiyar MSF suna ta fama da marasa lafiya. Ana cikin haka sai kamfanin Pfizer na Amurka ya turo tawagarsa da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin ba a gama amincewa da shi ba. Suka ɗebi yara kimanin 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani sanannen magani, seftiriyazon, amma a kan awon da bai kai wanda aka saba bayarwa ba. Yara 11 suka rasu, biyar daga masu Trovan, shida daga ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi kurame, wasu makafi, wasu da shanyewar jiki, wasu ƙwaƙwalwa ta taɓu. Bayan 'yan makonni tawagar ta tattara ta koma.

Adalci ne in faɗi abin da kamfanin ya ce, domin lauya ba ya jin bakin mutum ɗaya. Pfizer ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya kashe yaran ya kuma nakasa sauran, ba maganinsa ba, cewa ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun yarda da baki, kuma hukuma ta san da aikin. Iyaye kuwa suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu, kuma ba a sanar da su cewa ga MSF nan a harabar suna ba da sanannen magani kyauta ba. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ladabin bincike da aka nuna, an rubuta ta ne bayan an gama aikin, aka mayar da kwanan wata baya. Shi kansa Trovan ɗin, a 1999 hukumomin Turai suka dakatar da shi, na Amurka suka taƙaita amfani da shi ƙwarai, saboda yana lalata hanta.

Yanzu ku bi ni da lissafin shekaru, don a nan darasin yake. Shekara huɗu aka yi shiru, sai a Disamba 2000 jaridar Washington Post ta tono maganar. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, ya gama aikinsa a 2001, amma rahoton bai fito fili ba sai a 2006, shi ma jarida ce ta fitar. A 2001 wasu iyaye suka shigar da ƙara a birnin New York, shari'ar da aka sani da Abdullahi da Pfizer. Aka kore ta, aka dawo, aka sake kora. Sai a Janairun 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta can ta ce suna da damar a saurare su, a 2010 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi karɓar ƙorafin kamfanin. A gida, a 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, Gwamnatin Kano ta kai ƙara tana neman fiye da dala biliyan 2, ta Tarayya ma ta shigar da tata. A Yulin 2009 aka yi sulhu da Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ga ayyukan lafiya, miliyan 10 kuɗin shari'a. Kuɗin farko da ya shiga hannun iyaye sai a Agustan 2011, iyalai huɗu, kowanne dala 175,000.

Daga 1996 zuwa 2011, shekara 15 ke nan. Yaron da aka goya zuwa IDH ya isa aure. Iyaye da yawa sun riga mu gidan gaskiya ba su ga ko kwabo ba.

Kuma kun san me ya ƙara jan abin bayan an yi sulhu? Yara 200 aka yi wa gwaji, amma da aka ji maganar kuɗi sama da mutum 500 suka fito kowa ya ce har da ɗansa. Dole aka koma gwajin ƙwayar halitta, wanda ake kira DNA, don a tantance. Wasu na gaskiya suka ƙi ba da samfur don ba su yarda da duk abin da ya fito daga hannun kamfanin ba, kuma wa zai ga laifinsu? Wasu kuwa, mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ne, 'yan ci-da-ceto ne suka cusa kai suka tare wa masu hakki hanya. Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Sa'ad da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003 zuwa 2004, labarin Trovan yana cikin abin da mutane suke kafa hujja da shi, cutar kuwa ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Rashin bin hakkin yara 200 a kan lokaci ya taimaka wajen gurgunta wasu yaran da ba a ma haifa ba a 1996.

Wannan da gwamnati da manyan lauyoyi da jaridun duniya ke nan. To ina ga mai shayi?

Idan ka je kotu, alƙali ba hawayenka zai auna ba. Zai fara tambaya, shin wannan mutum ya karɓe ka a matsayin mara lafiya? Wannan ba wuya, kati ko rasit ya isa. Sa'an nan ya tambaya, abin da ya yi, ma'aikaci mai hankali irinsa, mai matsakaicin sani, zai yi haka? Sa'an nan babbar tambaya, wadda ta kayar da yawancin masu ƙara: shin kuskuren ne ya jawo cutar, ko ciwon da ya kai ka asibiti tun farko? A nan ake yin ta.

Ga misali a nan kusa da mu. Akwai shari'ar Abi da Babban Bankin Nijeriya, hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara wanda aka wallafa a 2012. Ma'aikacin bankin ne, aka kwantar da shi a asibitin ma'aikata, aka yi masa maganin sanƙarau har da allurar jentamaisin, ya tashi ba ya ji. Ya ce allurar ce ta kurmantar da shi. Kowane likita ya san jentamaisin tana iya taɓa kunne. Amma kowane likita ya san sanƙarau ma da kansa yana kurmantarwa. To wanne ne a ciki? Mai ƙara ne doka ta ɗora wa nauyin nunawa, shi kuwa bai kawo ƙwararren da zai tabbatar wa kotu ba. Ya faɗi. Haka ta faru a shari'ar Ojo da Gharoro, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2006. An yi wa wata mata tiyata a asibitin koyarwa na Binin, allurar ɗinki ta karye guntunta ya zauna a cikinta. Ni da ku za mu ce ai wannan ba ya bukatar shaida. Likitoci suka zo suka yi bayanin yadda allura take karyewa ba da sakaci ba, ita kuma ba ta da wani likita da zai rushe bayaninsu. Ita ma ta faɗi. Shari'a saɓanin hankali, in ji Hausawa.

Saboda haka duk lauyan da ya ce maka zai ci irin wannan shari'a da bakinsa kawai, riƙe kuɗinka. Sai da likita ko masanin haɗa magunguna da zai tsaya ya rantse ya yi bayani. Samunsa kuwa aiki ne, don wanzami ba ya son jarfa, kuma ba kowa yake son a ce shi ya kayar da abokin aikinsa ba. Sau da yawa sai an nemo daga wata jiha. Ga shi Allah Ya sa 'ya'yanmu da yawa sun karanta likitanci a Zariya da Kano da Sakkwato, wannan wata dama ce da ba mu taɓa amfani da ita ba.

Abu na gaba, ku buɗe kunne sosai, iyayenmu mata ku ma ku ji: lokaci. Akwai tsohuwar doka ta kare ma'aikatan gwamnati, wadda ta ce in za ka yi ƙarar ma'aikacin gwamnati a kan abin da ya yi a bakin aikinsa, to ka shigar cikin wata 3. Wata uku, ba shekara uku ba. Lauyoyin asibitocin gwamnati ita suke fara ɗagawa, kuma shari'o'i da yawa sun mutu a kanta tun ba a taɓa gundarin magana ba. Akwai togaciya a cikinta, lauyoyi suna ta ja-in-ja a kai, amma kada ka jingina hakkin ɗanka a kan togaciya. Bugu da ƙari wasu hukumomin, dokar da ta kafa su ta ce sai ka ba su sanarwa a rubuce kafin ka kai su kotu, wannan ma yana cin kwanaki. Ku duba al'adarmu: a yi zaman makoki, a yi sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, a tafi gida Kano ko Funtuwa a huta, a jira yaya babba ya dawo daga Legas a yi shawara. Kafin a ce za a ga lauya, ƙofa ta rufe. Asibitin kuɗi da kemis wa'adinsu ya fi wannan tsawo, amma shi ma yana ƙarewa.

Wa ake kamawa? Ba lalle sai ka san sunan nas ɗin da ta yi allurar ba. Asibiti yana ɗaukar laifin ma'aikacinsa in a bakin aiki ya yi, kamar yadda mai mota yake ɗaukar na direbansa. Wannan rahama ce ga kowa, don ƙaramin ma'aikaci ba shi da abin biya.

Maganar kemis kuwa, a yi mini afuwa, na san akwai masu wannan sana'a a cikinmu, kuma wallahi suna taimako. Da dare in yaro ya ɗau zafi a Kwamba ko Maje ko Gauraka, su ake fara bugawa ƙofa, wani lokaci ma bashi suke bayarwa. Amma lasisin mai kemis na gama-gari na sayar da magungunan da ba sa bukatar takardar likita ne, cikin kwalinsu na asali. Bai ba shi ikon yin allura ba, balle ƙarin ruwa a bayan kanti, balle ya bar yaron shago ya yi. Haɗin nan da ake ƙirgo ƙwaya biyar ko shida a ƙulla a leda a ce na ciwon jiki ne, babu suna babu kwali, yawancinsa magungunan kashe zafi ne iri biyu ko uku a haɗe, wani lokaci da ƙwayar sa ƙiba, kuma su ne suke huda ciki su kashe ƙoda. Ranar da abu ya ɓaci, mai kemis ba shi da mafaka a doka ko kaɗan, don tun farko ya shiga gonar da ba tasa ba. Dokar Final Kod da muke aiki da ita a Arewa ta ɗauki jawo mutuwa ta hanyar ganganci ko sakaci a matsayin laifi na ɗauri. Wannan nasiha ce ga 'yan uwana, ba tonon asiri ba.

Wani lokaci kuma laifin ba na likita ba ne ba na mai kemis ba, daga masana'anta ya taso. A 1990 ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba, irin wanda ake sa wa a man birki, ya kashe yara 109 a Jos da Ibadan. Wannan yana cikin abin da ya sa aka kafa hukumar NAFDAC a 1993. A ƙarshen 2008 gubar nan dai ta sake dawowa cikin maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, na kamfanin Barewa da ke Legas, ta kashe yara akalla 84, har da waɗanda aka kai asibitin koyarwa na Zariya fitsari ya ɗauke musu. A 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. A 2022 irin wannan ta kashe yara kimanin 70 a Gambiya, daga maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya, a can kuwa iyaye suka haɗa kai suka kai ƙara babbar kotu. Ku lura da abu biyu. Ɗauri hukuncin gwamnati ne, ba ya sa ko sisi a aljihun uwar yaro, neman diyya ƙara ce dabam da kai za ka shigar. Na biyu, abin da ya kama My Pikin kwalba ce da lambar da ke jikinta. Da kowace uwa ta jefar da kwalbar a bola, da an daɗe ana cewa mayu ne.

To me mutum zai yi a makon farko? Da fari dai a ceci mara lafiya, a kai shi wani asibitin in hali ya yi, a gaya wa likitan can duk abin da aka sha, shi kuma ya rubuta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, wanda ya ƙi akwai tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu. Sa'an nan a adana komai: kati, takardar magani, rasit, kwali, kwalba, ragowar ƙwaya, har ledar. Kusan kowa yana da waya mai hoto, a ɗauki kurjin ko kumburin kullum. A sami ɗan makaranta ya rubuta rana da lokaci da abin da aka ce, tun ba a manta ba. A rubuta wa shugaban asibiti takarda a nemi kwafin fayil, a riƙe kwafin takardar da hatiminsu a kai. Ita dai dokar ta 2014 ta wajabta wa asibiti adana bayanan mara lafiya, ta kuma wajabta a yi masa bayanin ciwonsa da haɗarin magani da harshen da yake ji. Kundin hakkokin mara lafiya da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a 2018 ya ƙara jaddada haka. Rasit kuwa ku riƙe shi da kyau, don kuɗin da ka kashe kotu ba ta mayar maka sai wanda ka nuna a takarda, har kuɗin mota zuwa Gwagwalada. Diyyar raɗaɗi da nakasa ita ce alƙali yake ƙiyastawa da kansa.

Idan rai ya yi halinsa, a nan ne abin ya fi nauyi. Mu ba ma jinkirta jana'iza, kuma ba ma son a taɓa gawa. Ba zan ce wa kowa ya saɓa wa zuciyarsa ba. Amma in gaya muku gaskiyar aikina, shari'ar mutuwa ba tare da binciken likita a kan gawa ba tana da wuyar ci ƙwarai. Wanda ba zai iya ba, akalla ya roƙi a ɗebi jini da fitsari a ajiye, ya karɓi takardar shaidar mutuwa mai ɗauke da dalili, kafin a ɗauki mamaci. Wannan ba ya cin sa'a guda. Ina roƙon malamanmu su zauna su duba mana wannan mas'ala, su ba mu matsaya tun kafin ranar ta zo, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba kowane kuka ne sai kotu ba. Likita ana kai ƙararsa Majalisar Kula da Aikin Likitoci, MDCN, a Abuja, da takardar rantsuwa. Suna da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa, suna iya yi masa gargaɗi, ko su dakatar da shi har wata shida, ko su soke sunansa. Mai kemis da mai haɗa magunguna, Majalisar Harhaɗa Magunguna, PCN, ita ke da su. Nas da ungozoma su ma da tasu majalisar. Jabu ko gurɓataccen magani na NAFDAC ne, kuma suna da takarda mai ruwan ɗorawa ta ba da rahoton illar magani. Akwai hukumar kare masu saye, FCCPC. Duk waɗannan daga nan tafiyar sa'a ɗaya ce ko ɗaya da rabi, mun fi na Gumel da Illela sa'a. Sai dai majalisun nan horo suke yi, ba sa yanke diyya, kuma zaman jiransu ba ya tsayar da agogon wata ukun nan. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976, ya ji ko za su ɗauki irin tasa.

Ni kaina, in aka tambaye ni, sau da yawa sulhu nake ba da shawara. Asibiti ba ya son sunansa a jarida, mai ƙara kuma ba shi da shekara goma ta zarya. Amma sulhun mai takardu a hannu dabam yake da na mai roƙo. Kuma kada wanda ya sa hannu ko ya dangwala a wata takarda don an ce an yafe masa kuɗin gado, sai wani nasa mai karatu ya karanta masa. Na ga inda aka sayi ƙafar yaro da kuɗin kati. Haka nan matasanmu, don Allah, ban da duka, ban da fasa kanti, ban da zagin nas. Ranar da ka ɗaga hannu ka tashi daga mai ƙara ka koma wanda ake ƙara, sa'an nan ne za a tuna maka cewa kai baƙo ne. Kuma ku tuna nas ɗaya ce wani lokaci take kwana da ɗaki guda cike da marasa lafiya, da fitilar waya. Wani kuskuren nata ne, wani na wanda ya bar ta ita kaɗai ne, shi ya sa doka ta ce a kama asibitin.

Ranka ya daɗe shugaba, na ga kana duban agogo. Roƙona ga wannan ƙungiya guda ɗaya ne. Muna da asusun jana'iza, muna da na kai gawa gida, muna da na belin wanda aka kama a kasuwa. Ina ba da shawara a kafa kwamitin mutum biyar, a sa ma'aikacin lafiya ɗaya, malami ɗaya, mace ɗaya akalla, don uwa ita ta san abin da yaro ya sha, da mai kemis ɗaya daga cikinmu. Duk wanda irin wannan ta same shi ya sanar da su cikin kwana uku, su taya shi tattara takardu su raka shi wurin shugaban asibiti. Ni na ɗauki nauyin rubuta takardar farko kyauta ga duk ɗan ƙungiya. In an amince, sakatare ya sa shi cikin ajandar wata mai zuwa.

Akwai sauran minti goma kafin kiran magariba. Baba na ga hannunka tun ɗazu a sama, bismilla.